Zaren Nelida

Motar nan ta girme ki da shekara talatin, Itati.
Fiat ce, ƙirar saba'in da huɗu, goshi kamar akwati.
Injin na lallashe shi har ya daina tari,
amma a miƙaƙƙen layi, da allura ta haura ɗari da hamsin,
sai hancinta ya ɗaga,
sitiyari ya yi sakayau a hannuna
kamar na riƙe faranti a kan ruwa.

Na ce ƙarfi ne ya gaza. Kika ce a'a, Kaka,
iska ce ke kutsawa ƙarƙashinta tana cicciɓar ta.
Shekara arba'in ina gyaran abin da ido ke gani,
yau jikata ta haɗa ni kokawa
da abin da ba shi da launi, ba shi da kunnen kamawa.

Ba mu da ɗakin gwajin iska irin na manyan kamfanoni.
Gareji muke da shi mai yoyo a gefen Rafaela,
da salatif, da almakashi,
da kwandon saƙar kakarki Nelida
wanda ba a taɓa ba shekara uku.
Rigar sanyi ta fara mini, ja.
Hannu ɗaya ta gama.

Ni na warware ta. Ban bari kin taya ni ba.

Muka yayyanka zaren tsawon ɗan yatsa,
ɗari biyu da 'yan kai,
muka lilliƙa a bonet, a ƙofa, a rufi, a gilashin baya,
har motar ta yi gashi buzu-buzu.
Fermin maƙwabci ya leƙo da ƙoƙon mate a hannu,
ya yi dariya har ya ƙware.

Asabar, a filin tsere na bayan gari,
kina tsugune a akori-kurar Fermin, waya a hannu,
ni ina taka mai, ke kina ɗauka.
Da dare muka kalla sannu-sannu.
Zaren bonet ya kwanta luf, ba gardama.
Na gilashin baya kuwa kamar kasuwa ta watse:
wannan ya nufi sama, wancan ya juyo gaba,
wani na ta juyi a wuri ɗaya.
Kika ɗora yatsa: nan take sakin mu,
ta bar rami a baya, ramin ke jan rigarmu.

Sai aiki. Na yanko alminiyam na yi wa bamba leɓe,
na shafe cikinta da falanki sumul,
na sauke ta yatsa biyu.
Na toshe ragar gaba, ruwa ya tafasa, na buɗe rabi.
Fiffiken farko don a gani na ƙera shi,
faɗinsa ya kusa ƙofar firji.
Ya cinye mana kilomita bakwai a layi.
Ba ki ce komai ba, sifana kawai kika miƙo mini.
Muka maye gurbinsa da 'yar wutsiyar agwagwa
da ba ta kai tafin hannu ba.

Wata huɗu, falanki uku, yanka biyu a babban yatsa.
Riba: bakwai cikin goma na daƙiƙa.
Fermin ya ce ko atishawa ta fi haka tsawo.
Shi bai zauna a ciki ba
sa'ad da na shiga doguwar kwana ban ɗaga ƙafa ba,
sitiyari ya yi nauyi kamar an dafa kafaɗata,
na saci kallon madubi,
na ga jan zare ya kwanta sahu-sahu, duk fuska ɗaya.

Ita ba ta taɓa shiga motar nan ba.
Ta ce ƙararta na tsinka mata lissafin saƙa.

Kin ce a cire zaren kafin tseren Lahadi.
Cire su duka, ki goge gam da kananzir.
Ki bar mini na jikin madubin hagu.
Duk dabararmu, Itati,
shi kaɗai ne har yau bai yarda ya kwanta ba.